Masaba, wadan da ke tsayawa a gaba

Wani dare 'yata ta zo ta tsaya a bayan kujerata, ta ɗora haɓarta a kafaɗata tana leƙen allon kwamfuta. Ta jima ba ta ce uffan ba. Can sai ta miƙa yatsa ta ce, "Abba, me ya sa shi kaɗai suke duka? Ga dogaye nan a baya sun tsaya, ba wanda ya taɓa su." Wanda take nunawa Masaba ne, wadan jarumin da nake wasa da shi a World of Warcraft, wasan kwamfuta da mutane da yawa ke bugawa tare ta intanet. A lokacin dodanni uku ne suka yi masa rubdugu, shi kuwa ya kafa ƙafa, garkuwa a hannun hagu, gatari a dama, jan gemunsa mai kitso biyu yana lilo. Na ce mata, "Aikinsa ke nan, shi ya ce su dake shi." Ta dube ni kamar ba ta yarda ba. Na yi mata alkawarin bayani in mun fita daga kogon, amma kafin mu fita barci ya kwashe ta a kan tabarma.

Lokacin kullen korona na fara, a watan Afrilun 2020, sa'ad da aka rufe Kano aka ce kowa ya zauna a gida. Ƙanina yana karatu a Turai, shi ma an kulle su, kullum sai ya kira ni yana cewa, "Yaya, ka sauke wasan nan mu riƙa haɗuwa a ciki, ya fi mu yi ta kallon juna a waya." Wasan tsoho ne, kamfanin Blizzard ya fitar da shi tun Nuwamban 2004, kuma ya sha sauye-sauye har ya zama wani abu daban. A ƙarshen Agustan 2019 sai suka dawo da shi yadda yake tun asali, suka sa masa suna Classic. Shi ƙanina yake bugawa. Na bar kwamfuta dare biyu tana saukewa, data ta tafi ba kaɗan ba, ga kuɗin wata kusan yuro 13 wanda shi ya fara biya mini.

Da na shiga aka ce in zaɓi ƙabila da sana'a. Ɓangarenmu, wato Alliance, ƙabilu huɗu ne: mutane, wadanni, wasu dogaye masu dogayen kunnuwa da ke zaune a daji, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu ƙere-ƙere. Ƙanina ya ce in ɗauki maharbi, don yana da dabbar da ke tare masa faɗa, ko matsafi mai jifa da wuta daga nesa. Ya ce, "Yaya, komai za ka ɗauka ban da jarumi. Shi ya fi kowa shan wuya." Ina cikin jujjuya hotunan sai na zo kan wada. Gajere, faffaɗan ƙirji, damatsa kamar turmi, hannuwa manya. Nan take na tuna wani tsohon maƙeri na unguwarmu da muke tsayawa kallo in mun taso daga makarantar allo, yaronsa yana zuga, shi yana juya jan ƙarfe da awartaki a kan uwar maƙera. Bai fi kafaɗar mahaifina ba a tsawo, amma in ya sauke masaba sai ka ji ƙasa ta amsa a tafin ƙafarka. Ban ƙara duba wani ba. Na rubuta suna: Masaba. Sana'a kuwa na ɗauki wadda aka hana ni.

Wada yana buɗe ido ne a wani kwari da ake kira Coldridge, cikin ƙasar Dun Morogh, inda ba abin da ido ke gani sai dusar ƙanƙara da duwatsu da dogayen itatuwa. Ka tuna Afrilu ne a Kano. Ina zaune da singileti, fanka tana hura iska mai zafi, gumi yana bin bayana, ga mutumina yana taka ƙanƙara, kana jin ƙarar ta a ƙarƙashin takalminsa, numfashinsa yana fita kamar hayaƙi. Har yau in zafi ya matsa nakan koma kwarin nan in tsaya kawai, ba don wani aiki ba.

Abin da ƙanina ya faɗa gaskiya ne. Sauran sana'o'i suna shiga faɗa da ƙarfinsu cike, suna kashewa yana raguwa. Jarumi kuwa da hannu wofi yake shiga. Abin da yake aiki da shi fushi ne, wani jan layi a ƙarƙashin sunansa da ke tashi daga sifili zuwa 100, kuma ba ya taruwa sai ya kai sara ya samu, ko an kai masa ya ji a jikinsa. In faɗa ya ƙare fushin ya riƙa hucewa har ya koma babu. To in ka yi rashin sa'a sararka biyu suka kuskure, sai ka tsaya kana kallon kyarkeci yana cizonka ba ka da abin da za ka danna. Dodo ɗaya za ka iya. Biyu, sai da addu'a. Uku kuwa ka juya ka ruga, in ka tsira ka gode Allah. Bayan kowane faɗa sai ka zauna ka ci abinci ko ka naɗa bandeji da ka yi da ƙyallen da ka tsinta. Maharba suna wuce ni da damisarsu suna kashe biyar kafin in gama da ɗaya. In kuma aka kashe ka, fatalwarka ce za ta taso daga maƙabarta, duniya ta yi toka-toka, ka yi ta gudu har inda gawarka take, sulkenka ya lalace da kashi goma cikin ɗari, sai ka biya a gyara. Akwai wani kogo yamma da garin Kharanos da na san hanyarsa a fatalwa fiye da yadda na san ta a raye.

Ban yi fushi da wannan jinkirin ba. Kulle ake yi, ba inda za ni. Kuma wanda yake tafiya a hankali shi yake ganin hanya. Na iya duba bayan dodo kafin in taɓa shi, in ga ko yana da ɗan'uwa a kusa. Na iya lura da masu sintiri, in ƙirga tafiyarsu da dawowarsu. Ban san cewa wannan ne karatun da zai yi mini amfani daga baya ba.

Ranar da na fara hawa tudun Ironforge, babban birnin wadanni, ba zan manta ba. Hanya ce ta miƙe sama a jikin dutse, ka yi kwana sai ga ƙofa, ƙofar da aka sassaƙa a cikin dutsen kansa, da wani ƙaton mutum-mutumin wada a zaure. Birnin gaba ɗaya a cikin dutse yake, a zagaye kamar faifai, ba sama ba rana. A tsakiya akwai babbar maƙera, narkakken ƙarfe yana zubowa daga sama kamar ruwan indararo, ja wur, ga wata uwar maƙera da ta fi ɗaki girma, mutane sun kewaye ta kowa yana ƙira. Waɗannan mutanen ba na'ura ba ne, 'yan wasa ne irina, wani a Jamus, wani a Suwidin, wani a Turkiyya, kowa da gudumarsa. Gefe guda fadar Sarki Magni Bronzebeard, gefe guda banki da kasuwar gwanjo inda cinkoso yake sa kwamfutata ta riƙa numfashi sama-sama. Akwai ma jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ya kai ka Stormwind, birnin mutane, kyauta.

A nan na koyi haƙar ma'adinai da ƙira. Ka sayi diga, ka bi gindin duwatsu kana neman jan ƙarfe, daga baya kuza, ka kawo maƙera ka narkar. Sandar jan ƙarfe ɗaya da ta kuza ɗaya su ba ka sandar tagulla biyu. Duwatsun da ke fitowa tare da su ka yi dutsen wasa makami. Masana wasan za su ce maka ƙira asara ce ga mai farawa, gara ka haƙo ka sayar ka tara kuɗi, kuma lissafinsu daidai ne. Amma ranar da na sa wa Masaba sulken da na ƙera da kaina, da sunansa rubuce a jiki cewa shi ya yi, na ji abin da lissafi bai san da shi ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abu ɗaya da bai kwanta mini ba game da wadannin wasan nan shi ne giya. An gina su a kan mutane ne masu son barasa, masauƙin Kharanos ma kansa gidan dafa ta ne, kuma akwai aike-aiken da za a ba ka na kai ganga daga nan zuwa can. Masu maganarsu da irin Turancin mutanen Sikotland suke yi, rabin gaisuwarsu a kan ƙoƙo take. Na bar waɗannan aike-aiken, ko da yake sun rage mini hanya da na yi su. Masaba ruwa yake sha da madara, ba wanda ya taɓa tambayata dalili, wasan ma bai tilasta ba.

Mutuminka yana hawa mataki-mataki ne yayin da yake ƙara ƙarfi, kuma a mataki na 10 ne aka aike ni in kashe wani ƙaton dodo mai suna Vejrek in kawo kansa. Ladan shi ne aka koya mini tsayuwar kariya, da dabaru biyu. Ɗaya tsokana ce, ka yi wa dodo ihu ya bar wanda yake bi ya juyo kanka. Ɗayar kuma fasa sulke, ka yi ta sara wuri ɗaya har sau biyar sulken abokin gaba ya yi laushi. Na karɓa na ajiye, ban san darajarsu ba, don mai yawo shi kaɗai ba ya bukatar ya tsokani kowa. Na wuce Loch Modan, na ga madatsar ruwan nan da aka sassaƙa fuskokin wadanni a jikinta, na sha gudu daga kadoji a fadamar Wetlands. Sai da na kai wajen mataki na 19 ƙanina ya ce, "Yaya, lokaci ya yi. Ana neman tanki a Deadmines."

Tanki, haka 'yan wasa suke kiran mai garkuwa. Ayarin shiga kogo mutum biyar ne: mai garkuwa ɗaya, mai warkarwa ɗaya, masu kisa uku. Kowane dodo a wasan yana riƙe da lissafi a ransa na wanda ya fi ɓata masa rai, kuma wanda ke saman lissafin shi zai bi. Duka yana hawar da kai a lissafin. Warkar da wanda ake duka ma yana hawar da kai, shi ya sa mai warkarwa kullum take cikin haɗari, ga ta da rigar yadi, sara uku ta faɗi. Aikin mai garkuwa shi ne ya zauna a saman lissafin kowane dodo, duk da cewa shi ya fi kowa raunin sara. Wato ka sa a tsane ka fiye da wanda yake yin ɓarnar gaske. In ayarin fatake ne, shi ne jagaba, shi yake gaba, shi yake cewa a tsaya ko a tafi, kuma in akwai 'yan fashi a hanya shi za su fara gani.

Shigata ta farko ba ta yi kyau ba. Deadmines rami ne na haƙar ma'adinai a ƙarƙashin wani kangon gari a ƙasar Westfall, cike da 'yan tawaye masu jan ƙyalle a fuska. Na shiga yadda na saba, na ruga kan na farko da na gani. Mahaƙan wurin in sun ji jiki gudu suke yi, su dawo da 'yan'uwansu. Kafin in ankara shida sun kewaye mu, biyu sun wuce ni sun nufi mai warkarwa, ni kuma ina ta sarar ɗaya ban ko waiwaya ba. Ta faɗi, na faɗi, kowa ya faɗi. Muka dawo a fatalwa, muka sake, aka sake kwashe mu. A karo na uku matsafin ayarin ya rubuta wata magana mara daɗi ya fice. Na ji kunya ƙwarai, irin kunyar wanda aka ba amana ya zubar, don mutum huɗu ne suka ba da darensu saboda sun ɗauka na san aikina.

Mai warkarwar ba ta fita ba. Wata mata ce 'yar Polan, daga baya na san malamar makaranta ce, ita ma kulle ya zaunar da ita. Ta rubuto mini ni kaɗai, cikin gajeren Turanci, ta ce in ina da minti ashirin za ta nuna mini. Muka tsaya a bakin ramin. Ta ce kafin in taɓa kowa in dubi shuɗin layin da ke ƙarƙashin sunanta, shi ne ƙarfin da take warkarwa da shi, in ya yi ƙasa in jira ta zauna ta sha ruwa. Ta ce in sayi bindiga, in harbi dodo daga nesa in koma bayan kusurwa, dole ya biyo ni inda nake so, nesa da 'yan'uwansa. Ta ce in sa alamar ƙoƙon kai a kan wanda za a fara kashewa, alamar wata a kan wanda matsafi zai mayar tunkiya. Ta ce kada in tsaya kan dodo ɗaya, in fasa sulken wannan, in juya in fasa na wancan, kowa ya ji ni. Tsokana kuwa in riƙe ta kamar kuɗin asibiti, don in na kashe ta sai bayan daƙiƙa goma za ta dawo, kuma daƙiƙa goma ta isa a kashe ta sau biyu. Na ƙarshe da ta faɗa shi ya fi zauna mini: "Juya su su ba mu baya. Kai ka kalle mu, su su kalle ka."

Tun daga ranar haka nake tsayawa. Bayana ga bango, dodanni a gabana, ta saman kawunansu ina hango mutanena. A nan ne gajartar wada take da wani abu da ban yi tsammani ba. Dogon jarumi yana rufe allo, amma Masaba yakan nutse a tsakiyar dodanni, wani lokaci ba ka ganin komai nasa sai ƙyallin garkuwa da jan gemu. Ina ganin filin gaba ɗaya. In wani ya ɓalle ya nufi mai warkarwa, tun takunsa na biyu na gan shi.

Bayan kwana uku muka koma, da ita da ƙanina da wasu biyu. Muka wuce maƙerar da ke cikin ramin, muka ɗura albarushi a igwa muka fasa ƙofar ƙarfe, sai ga abin da ban zata ba: wani makeken kogo da ruwa a ciki, da jirgin yaƙi sukutum a tsaye. A gindin jirgin Mr. Smite yake, wani basamuden mai kan sa, wanda in ya ji wuya sai ya buga ƙafa kowa ya sandare, ya je akwatinsa ya sauya makami, har sau biyu. A saman jirgin kuma Edwin VanCleef. Labarinsa ya tsaya mini a rai. Shugaban magina ne, shi da mutanensa suka sake gina Stormwind bayan yaƙi ya rushe shi, da aiki ya ƙare manyan gari suka hana su haƙƙinsu. Daga nan suka shiga daji suka zama abin da suka zama. Duk wanda ya taɓa ganin lebura yana zarya a ƙofar mai gida yana neman kuɗin guminsa ya san wannan labarin. Na tsare shi, na tsare masu gadinsa da ke fitowa daga duhu, muka kashe shi, amma ban yi murna irin ta sauran ba. Na daɗe a tsaye a saman jirgin bayan kowa ya tafi.

Daga nan ni da matar nan muka zama abokan tafiya. Ta shigar da ni ƙungiyarsu, yawancinsu mutanen Polan da Jamus da wasu 'yan Ingila biyu. Agogonmu da na Polan da Jamus ɗaya ne da hunturu, da bazararsu kuma sun riga mu da awa guda, don haka lokacin shiga kogo yakan faɗo kan magariba ko isha'i. Ranar farko na yi ta tunanin yadda zan faɗa. Na rubuta kawai cewa zan yi salla, minti bakwai. Ba wanda ya ce komai sai "to". Bayan 'yan makonni, ita da kanta take tsayar da ayari, ta ce a sha ruwa a gyara jaka, Masaba zai yi salla. Ban taɓa jin muryarta tana faɗin sunan daidai ba, kullum sai ta ja "sa" ɗin, amma ta san lokutan sallata fiye da wasu abokan aikina.

Wada yana da wata baiwa tasa ta gado, ya mayar da jikinsa dutse na daƙiƙa takwas. Guba da cuta da zubar jini duk su sake shi, sulkensa ya ƙara tauri, sai bayan minti uku ya sake. Masu lissafi sun ce jarumi ɗan Adam ya fi, saboda gwanintarsa da takobi. Na karanta, na gane hujjarsu, kuma a manyan yaƙoƙi na mutum 40 tana da nauyi. Amma sau nawa guba tana cina, shuɗin layin abokiyata ya kusa ƙarewa, na danna dutse na sauke mata nauyi? Wannan ba ya fitowa a jadawalin kowa.

A mataki na 40 abubuwa biyu suke zuwa wa jarumi, sulken farantin ƙarfe da abin hawa. Abin hawan wada rago ne, ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho, ana sayar da shi a wani garke gabas da Kharanos. Shi da koyon hawansa kusan zinariya 100 ne, a wasan da tagulla 100 ke yin azurfa ɗaya, azurfa 100 ke yin zinariya ɗaya. Mai garkuwa kuwa kullum aljihunsa a huje yake, don shi ake duka, shi ke biyan gyaran sulke. Sai da na kai mataki na 44 ina tafiya a ƙasa kamar dakare, ina haƙar baƙin ƙarfe ina kaiwa gwanjo. Ƙanina ya ce zai cika mini, na ce ya bari. Ranar da na saya, fari na zaɓa, kuma ban je ko'ina ba sai da na hau tudun Ironforge da shi na sauko, na sake hawa.

Abin da ya fi zauna mini a duk shekarun nan ya faru ne cikin damina, a Blackrock Depths. Birni ne na wasu wadannin, Dark Iron, waɗanda suka rabu da 'yan'uwansu tun wani tsohon yaƙin basasa tsakanin gidaje uku. Kogon yana da girman da ayari kan shafe awa huɗu ko biyar a ciki. A ƙarshensa sarkinsu yake, Dagran Thaurissan, kuma a gefensa Moira, 'yar Sarki Magni. Uban ya aike mu mu kashe sarkin mu dawo masa da 'yarsa da rai, ita kuwa tana tsaye tana warkar da mijinta tana jifanmu. Dole a kashe shi ba a kashe ta ba. Mun shiga tun bayan isha'i, sai wajen ɗaya na dare muka isa fadar. Hadari ya haɗu a waje, ina jin iska tana buga taga. Maharbinmu ya sa dabbarsa ta janye gimbiyar gefe, ni na ɗauki sarkin na juya shi, na fasa sulkensa sau biyar, komai yana tafiya daidai. Ya kai rabi sai ruwa ya kece, wuta ta ɗauke, intanet ya tsaya cak. Allo ya daskare da gatarina a sama.

Na ɗauki waya da rawar hannu na kunna datarta na haɗa da kwamfuta. Layi ɗaya ne a wayar, yana zuwa yana tafiya. Ina jin zuciyata a wuya, don na san awa biyar ta mutum huɗu ce a hannuna, kuma wasunsu da safe za su fita aiki. Wajen minti biyu kafin in samu shiga. Na riga na shirya ganin toka-tokar fatalwa.

Da allo ya buɗe sai na ga Masaba a tsaye. In intanet ya yanke, mutuminka ba ya ɓacewa nan take, yakan ɗan jima a wurin yana kai sarar da ya saba, ba kowa a cikinsa. Sarkin bai bar shi ba, saboda lissafin da na tara kafin in fita ya riƙe shi. Ƙanina ya ce wa masu kisa su sassauta hannu kada su wuce ni a lissafin. Abokiyata kuwa ta tsaya tana zuba warkarwa a kan gangar jikin da ta san babu mai shi, ta shanye kwalbar maganinta, shuɗin layinta ya koma ɗan siriri kamar zare. Na danna katangar garkuwa, dabarar da ake samu sau ɗaya a rabin awa, wadda ke rage duka da kashi 75 cikin ɗari na daƙiƙa goma. Cikin goman nan suka sauke duk abin da suke da shi. Sarkin ya faɗi. Gimbiyar tana raye, kuma da muka yi mata magana ta ce ba za ta koma ba, tana ɗauke da cikin magajinsa.

Na rubuta ina ba su haƙuri. Abokiyata ta amsa da cewa, "Ba ka motsa ba. Na san za ka dawo." Ruwa yana ta zuba a kan kwano, ɗakin duhu sai hasken allo, na zauna na kasa rubuta komai.

A 2021 aka ba kowa zaɓi, ya wuce da mutuminsa zuwa sabon babin wasan ko ya bar shi a tsohuwar duniya a mataki na 60. Yawancin ƙungiyarmu suka wuce, ƙanina ma ya wuce, daga baya aiki ya ɗauke shi. Ni na bar Masaba inda yake. Abokiyata ta koma aji da aka buɗe makarantu, yanzu sai jefi-jefi take shigowa, mu gaisa, ta tambayi yara, in tambayi ɗalibanta. A Agustan 2023 aka buɗe wani nau'in wasan inda in mutuminka ya mutu sau ɗaya ya tafi ke nan har abada. Ina kallon masu yi, ina jinjina musu, amma ba zan ɗauki garkuwa a can ba. Wanda hadari ɗaya zai iya raba shi da intanet bai kamata ya riƙe ran wasu a hannunsa ba.

Wani abu kuma da wasan ya taɓa mini ban shirya masa ba shi ne kalmar kanta. Mun taso in an ce wada, dariya ce take fara zuwa, ko labarin wadan fada mai ba sarki nishaɗi, kuma na ga yara suna bin mai irin wannan halitta a titi suna nuna shi. Wadannin wasa ƙabila ce ta tatsuniya da aka ɗauko daga tsofaffin labaran mutanen arewacin Turai, inda suke maƙera mazauna duwatsu, ba su da alaƙa da ɗan Adam ɗin da Allah ya halitta gajere. Duk da haka, shekaru ina jin kalmar a bakina tana nufin wanda ake dogara da shi, sai na ga ba na iya jure jin ta a bakin yara da sigar tsokana. Na taɓa tsawatar wa 'ya'yan maƙwabta a kan haka, abin da a da zan wuce ban ce komai ba.

Washegarin daren nan 'yata ta tuna mini alkawari tun kafin ta karya. Da yamma na ɗora ta a cinya, na kai Masaba kwarin Coldridge inda ya fara. Akwai wani sabon ɗan wasa a wurin, ɗan mitsitsin matsafi a mataki na 3, kyarketai biyu sun biyo shi yana gudu, jininsa saura kaɗan. Na kama yatsarta na ɗora a kan maɓallin tsokana na ce ta danna. Masaba ya yi ihu, kyarkecin farko ya yi cak ya juyo, na sari na biyun shi ma ya bar yaron. Matsafin ya tsaya can nesa, ya juyo, ya rusuna mana.

Ta ce, "Abba, ya ce mun gode ne?"

Na ce eh.

Ta gyara zama, ta sa yatsa a kan maɓallin, ta ce mu nemo wani.